Karin kumallon "kwantinental" a otal: in biya ko in bari?

Ɗan_Majema:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka saba fita waje. In Allah ya yarda zan je Milan ta ƙasar Italiya wajen baje kolin fata da ake yi a watan Satumba, maigidana ne ya ce in wakilce shi. Yaron da ke kama mana ɗaki ta intanet ya nuna min farashi biyu a otal ɗaya: ɗaki zalla, da kuma ɗaki haɗe da karin kumallo da suka kira kwantinental. In aka juya bambancin zuwa naira, kuɗi ne masu kauri. Da na ji sunan na ɗauka wata gagarumar gara ce, sai yaron ya ce wai shayi da burodi ne kawai. To me ake bayarwa takamaimai? Ya kai a biya masa? Ni mutum ne da in ban ci abu mai nauyi da safe ba, kafin azahar hannuna rawa yake.

Abu_Safwan:
Wa alaikumus salam. Yaronku bai yi maka ƙarya ba. Burodi ne, da bota, da jam, da kofi ko shayi, da ruwan lemu. In otal ɗin na da ɗan hali a ƙara yogot, da 'ya'yan itace, da yankan cuku, da kwanfilas. Abin da za ka riƙe shi ne kusan komai mai sanyi ne, ba a ɗora tukunya dominka. Abin sha ne kawai mai zafi.

Sarkin_Zolaya:
Wato Alhaji zai tashi daga Kano, ya keta hazo, ya je ya biya yuro a ba shi abin da mai shayin bakin layinsu ke ba shi bashi. Kuma mai shayi har wainar ƙwai yake ɗorawa a kai.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ɗan_Majema, ɗana, kar ka biya. Na daɗe ina fatauci, na ga irin wannan da yawa. Ka sauko da yunwarka ka tarar da wasu 'yan ƙananan burodi masu lanƙwasa, in ka matsa ɗaya a hannu sai ya koma ba komai, iska ce cike a ciki. Ka ci uku, kafin ka kai tashar jirgin ƙasa cikinka ya fara kiran ciroma. Ni garin kununa nake tafiya da shi, da ƙaramin fulas. In dama abina a ɗaki in sha in fita kasuwa.

Ummu_Hanan:
Hajiya, a Turai ma kina samun ruwan zafi a ɗaki? Don ni a Ingila na ga kowane ɗaki da butar lantarki, amma ƙanwata da ta je Rum ta ce babu.

Bello_Brescia:
Gaskiyar ƙanwarki ne, Ummu_Hanan. Ni a nan Italiya nake zaune, ba nisa da Milan. Yawancin ƙananan otal a nan ba sa ajiye butar dafa ruwa a ɗaki, don su ba masu shan shayi ba ne kamar Turawan Ingila. Wani otal in ka roƙa a wajen karɓar baƙi za su ba ka, wani su ce babu. Kuma Alhaji in za ka zo da taka, ka sani soket ɗinsu mai zagayayyun ramuka ne, filogin gida mai ƙafa uku masu faɗi ba zai shiga ba sai da adafta. Ka saya tun daga Sabon Gari, ya fi sauƙi a kan filin jirgi.

Game da tambayarka kuwa, ka fahimci yadda mutanen nan suke karyawa. Ba rowa otal ke yi maka ba, haka suke ci a gidajensu. Mutumin Italiya zai shiga shagon kofi da safe, ya tsaya a tsaye a gaban kanta, ya karɓi kapucino, kofi mai madara, da konetto ɗaya, wato wannan lanƙwasasshen burodin mai zaƙi da Hajiya ta faɗa, cikin minti biyar ya gama ya fice. Abincinsu na gaske sai da rana da kuma dare. Kuma a wurare da yawa farashin tsayuwa a kanta daban, na zama a tebur daban, na zaman ya fi tsada. In kofi da konetto kawai kake so, a shagon da ke kusa da otal za ka same su a kan kuɗin da bai kai rabin abin da otal zai caje ka ba.

Ɗan_Majema:
Allah ya saka da alheri Malam Bello. To ai matsalar ke nan, ni kofi da burodi ɗaya ba zai kai ni ko'ina ba. Wurin baje kolin an ce yini ake ana zagaye a ƙafa.

Bello_Brescia:
Haka ne, filin yana Rho, a wajen gari, jan layin jirgin ƙarƙashin ƙasa ne ke kai mutum can. Rumfuna ne manya-manya, za ka yi tafiya har ka gode Allah. Abincin cikin filin kuma tsada gare shi ga layi.

Malam_Nazari:
Bari in ɗan sa baki a kan asalin abin, don zai taimaka wa mai tambaya ya san abin da yake saye. Turawan Ingila ne suka raɗa sunan a ƙarni na 19. Su tsibiri suke, sauran Turai kuwa, Faransa da Italiya da Jamus da makamantansu, suna kiranta nahiya. A gida Bature ɗan Ingila mai hali ya saba da karin kumallo mai nauyi: soyayyen ƙwai, naman alade, tsiran alade, gasasshen tumatir, burodi, daga baya aka ƙara wake na gwangwani. Da jirgin ƙasa da jirgin ruwa mai tururi suka sauƙaƙa tafiya, sai suka fara tsallakawa yawon buɗe ido. Thomas Cook ya fara kai ayarin matafiya nahiyar a 1855, a 1868 kuma ya fito da takardun da matafiyi zai biya tun daga gida ya miƙa a otal a ba shi ɗaki da abinci. Da suka je suka tarar Faransawa kofi da burodi da bota kawai suke sha da safe, sai suka ce wannan karin kumallon mutanen nahiya ne.

Masu otal a Ingila da Amurka suka ga ai wannan garaɓasa ce: baƙo ya ji an ce akwai karin kumallo, su kuma ba su kashe komai ba. A Amurka a da, otal kan haɗa kuɗin ɗaki da abinci sau uku a farashi ɗaya, ko ka ci ko ba ka ci ba. Daga baya aka kawo tsarin biyan ɗaki zalla, sai ɗaki da karin kumallon kwantinental ya zauna a tsakiya.

Sarkin_Zolaya:
Malam Nazari ya iso, a ba shi allo da alli. Mutum ya tambayi ko zai ƙoshi, an kai shi 1855.

Malam_Nazari:
Ai kai ma ka ƙaru, Sarki, ko ba ka faɗa ba.

Zainab_Risefshan:
Ni a otal nake aiki a Abuja, bari in gaya muku yadda lissafin yake daga ciki. Karin kumallo mai zafi yana buƙatar kuku ya zo tun kafin asuba, da mataimakinsa, da gas, da mai wanke tukwane, kuma abin da ya rage zubarwa ake yi don ƙwai da doya ba sa kwana. Na sanyi kuwa mutum ɗaya ya isa ya jera shi cikin rabin awa. Jam da bota da zuma a 'yan ƙananan robobi suke a rufe, wanda ba a buɗe ba a mayar da shi firji gobe a sake fito da shi. Kwanfilas wata da watanni yake yi bai lalace ba. Shi ya sa ƙaramin otal da ba shi da kicin ma zai iya rubuta cewa yana ba da karin kumallo.

Alhaji, ka sa yaron ya duba haruffan da ke jikin farashin. RO ɗaki ne kawai. BB ɗaki da karin kumallo. HB an ƙara abincin dare. FB sau uku ke nan. Sannan ya duba ko an rubuta bufe, wato ɗebi da kanka. Nan ne bambancin yake. In bufe ne, ko na sanyi ne, mai wayo zai ƙoshi, don ba mai ƙirga maka. In kuwa a faranti za a kawo maka, burodi biyu da kofi ɗaya, to ka yi asara. Ya buɗe hotunan da baƙi suka ɗauka da wayarsu, ba waɗanda otal ya ɗora ba.

Abu_Safwan:
Wannan ita ce magana. Anti Zainab ta gama komai.

Ɗan_Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu nan Nijar abin nan bai ba mu mamaki, don Faransa ta bar muna shi gado. Ka sauka otal a Yamai ko Maraɗi ko nan Damagaram, da sahe dogon burodi za a kawo ma, baget, an tsaga shi an shafa bota, da Nescafé da madara. In ka biya ƙari a yi ma omleti. Har a bakin titi haka masu tebur ke saidawa. Amma ku tambayi ko wane ne, in ya gama wannan ya fita, wajen ƙarfe goma sai ka gan shi gaban mai fura ko mai ƙosai. Burodin Faransa kuma in ya wuce yini guda ya zama icce, don na asali gari ne da ruwa da gishiri da yis kawai, babu mai babu sukari.

Malam_Nazari:
Haka ne ɗan uwa, har doka Faransawa suka yi a 1993 a kan abin da ya halatta a sa a burodin da za a kira na gargajiya. A 2022 kuma UNESCO ta sa baget cikin jerin al'adun duniya da ake karewa.

Sarkin_Zolaya:
To gurasar Jakara fa, yaushe za a kai sunanta?

Abdul_Gaskiya:
Jama'a ku yi hattara da wannan lanƙwasasshen burodin da ake kira kurwasan. Na ga wani saƙo a WhatsApp cewa Turawa sun ƙirƙire shi ne bayan sun ci Daular Usmaniyya da yaƙi a Biyana, babban birnin Ostiriya, suka yi shi da siffar jinjirin wata don izgili ga Musulmi. Ni tun daga nan na daina ci.

Malam_Nazari:
Malam Abdul, yaƙin ya faru, a 1683 ne Usmaniyawa suka kewaye Biyana ba su ci ta ba. Amma labarin burodin tatsuniya ce da aka liƙa daga baya. Mutanen Ostiriya suna da burodi mai wannan siffa da suke kira kipferl ɗaruruwan shekaru kafin yaƙin, an ambace shi tun ƙarni na 13. Wanda ya kai shi Faris wani ɗan Ostiriya ne, August Zang, da ya buɗe gidan burodi a can a ƙarshen shekarun 1830. Faransawa suka kwaikwaya, daga baya suka sauya kwaɓin zuwa wanda ake ninkewa da bota sau da yawa, shi ya sa yake fitowa falle-falle. In akwai abin da za ka yi hattara da shi, ba siffar ba ce, man da aka yi shi da shi ne.

Bello_Brescia:
Yawwa, nan nake son zuwa. Alhaji Ɗan_Majema ka buɗe kunne. Kurwasan na Faransa bota ne ko majarin, ba matsala. Amma a Italiya wasu masu gashi suna sa kitsen alade a konetto da wasu nau'o'in burodi, sunansa strutto. Ka rubuta kalmar a wayarka, ka nuna wa mai kula da teburin ka tambaya. In na leda ne ka karanta bayansa. Sannan yankakken naman da za ka gani an jera a faranti kusa da cuku, irin su prosciutto da salame da mortadella, duk alade ne. Wasu kek ɗin kuma ana jiƙa su da giya. Abin da ba shakka a kansa: dafaffen ƙwai in akwai, 'ya'yan itace, zuma, madara, bota, da busasshen burodin nan da ke zuwa a leda.

Maman_Ilham:
Ku ƙara da cokali mai yatsu da ake ɗibar nama da shi. Na sha gani a Jamus, mutum ya ɗebi alade da shi ya mayar kan cuku. Ni da wuri nake sauka, da an buɗe, kafin a cakuɗa. Yogot ma wani akwai gelatin a ciki, wanda ake haɗawa daga fata da ƙashin dabba, a duba.

Abdul_Gaskiya:
To naman talotalo ko na saniya fa? Ai Allah ya halatta mana abincin Ahlul Kitabi a Suratul Ma'ida aya ta 5.

Abu_Safwan:
Ayar tana nan, amma malamai sun yi saɓani a kan naman mayankar zamani, inda ake sumar da dabba kafin yanka kuma ba ka san wanda ya yanka ba. Wasu sun sauƙaƙa, wasu sun hana.

Admin_Garba:
'Yan uwa, wannan mas'alar kowa ya kai wa malaminsa, mun san yadda take ƙarewa a gidan nan. Mu koma kan tambayar bawan Allah: ya biya ko kar ya biya.

Alhaji_Kwari:
Ni dai shawarata irin ta Hajiya ce, amma da ƙari. Ka sa a yi maka dambun nama da kilishi, ka ƙulle a jaka. Da safe ka sayi burodi ka haɗa. Shi ke nan ka huta da tambayar wane mai aka sa.

Bello_Brescia:
A'a Alhaji, ka yi haƙuri, wannan shawarar za ta jefa shi cikin matsala. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigowa da nama ko madara da abin da aka yi da su daga ƙasashen waje, ko busasshe ne. Kilishi, dambu, man shanu, cuku, duk suna ciki. In kwastam suka buɗe jaka za su ƙwace, kuma suna iya cin sa tara. Mutum da bizar kasuwanci, tafiyarsa ta farko, bai kamata ya fara da wannan ba. Garin kunu da dabino da ƙuli-ƙuli ba su cikin wannan hanin na nama. In nama yake so, a Milan akwai Misirawa da 'yan Maroko da 'yan Bangladash da yawa, titin Via Padova cike yake da mahautan halal da gidajen abinci.

Alhaji_Kwari:
To ni dai na sha wucewa da shi Dubai ba wanda ya ce min kanzil.

Bello_Brescia:
Dubai daban, Malpensa filin jirgin Milan daban, ranka ya daɗe.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Tunda an ambaci Dubai, ni a duk inda na je ba inda ake karyawa kamar ƙasashen Larabawa da Turkiyya. A Istanbul ko ƙaramin otal ne za a jera maka zaitun, farin cuku, tumatir, kokwamba, dafaffen ƙwai, zuma, da burodinsu mai riɗi, ga shayi a 'yan ƙananan kofunan gilashi ana ta ƙara maka. Shi ma ai kusan duk na sanyi ne, amma yana riƙe ciki. A Makka da Madina kuwa ful da tamis, kowane alhaji ya san shi. Ka ci wannan bayan asuba, sai la'asar ka tuna da abinci. Wanda ya ba ni wahala na Guwanzu ne. Kunun shinkafa ba sukari ba gishiri, da wani dogon soyayyen fanke, da madarar waken suya, sauran kuma ba ka san me ke ciki ba. Sai da na gano gidajen abincin Musulmin ƙasar a unguwar Shiyawbe na samu sauƙi.

Usman_Kassala:
Hajiya ta tuna min gida. Mu a Sudan da sassafe shayi da madara kawai ake sha, da ɗan biskit ko zalabiya. Fatur, wato karin kumallo na gaske, sai wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya, a bar aiki a zauna a ci ful da man riɗi da burodi a kwano ɗaya. Don haka ni tsarin Turawan nan bai dame ni ba, na ɗauke shi a matsayin shayin safe. Kuskuren shi ne mutum ya zaci shi ne abincin.

Baba_Zongo:
Gaisuwa daga Kumasi. Ku kuna neman na Turawa, nan Gana kuwa kokonmu ne ya zama na kowa. Hausa koko ake ce masa, da kose, Asante da Ga da Ewe duk suna layi a gaban 'yan uwanmu mata na zango da safe. Har a wasu manyan otal a Ankara, babban birnin Gana, za ka gan shi a bufe an rubuta sunansa. Abin da ke ba ni haushi, ka je otal a Arewa a ce maka babu koko, sai Lipton da burodi.

Zainab_Risefshan:
Baba, gaskiya ka faɗa, amma an fara canzawa. Inda nake aiki muna sa ƙosai da kunun gyaɗa da masa, kuma su ne ke fara ƙarewa, kwanfilas yana nan yana kallonmu. Matsalar ƙosai ita ce in ya huce ba mai so, dole a sa mutum yana soyawa a hankali har ƙarfe goma. Ka ga mun dawo kan maganar kuɗin ma'aikata da gas.

Sarkin_Zolaya:
Ranar da na ga ɗumamen tuwo da miyar kuka a bufe, ranar zan yarda mun samu 'yancin kai.

Nas_Hauwa:
Dariya kuke, amma akwai wata magana da Alhaji ya yi a farko da ba wanda ya kula: ya ce in bai ci abu mai nauyi ba hannunsa rawa yake. Alhaji, don Allah kafin ka tafi ka je a auna maka sukari. Ba ina cewa kana da ciwon ba ne, yunwa kawai ma tana sa haka, amma awon ba shi da wahala.

Sannan irin wannan karin kumallon kusan duk farin fulawa ne da sukari: burodi, jam, kek, ruwan lemu, kwanfilas mai zaƙi. Kofin ruwan lemu ɗaya, mililita 250, yana ɗauke da sukari wajen giram 20, kusan ƙaramin cokali biyar ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce kamar giram 50 na irin wannan sukarin a yini, in ya tsaya a 25 ya fi. Ka sha kofi biyu ka shafa jam, ka kusa cinye rabonka tun kafin ka fita. Kuma irin wannan abincin da sauri yake narkewa, shi ya sa Hajiya ta ce yunwa ke dawowa nan da nan. In ka biya, ka nemi ƙwai, yogot marar zaƙi, cuku, burodi mai duhu, da tuffa ko lemu ɗanye maimakon matsattse. Ƙwai ɗaya yana da furotin wajen giram 6, guda biyu da cuku za su riƙe ka fiye da konetto huɗu.

Malam_Nazari:
Abin mamaki, Nas, kwanfilas ɗin ma likita ne ya faro shi a matsayin abincin marasa lafiya, John Harvey Kellogg, a wata cibiyar jinya a Battle Creek ta jihar Mishigan. Ƙaninsa Will ne ya kafa kamfani a 1906 ya mayar da shi haja, da sukari a ciki. Musli kuma, wannan haɗin hatsin ot da 'ya'yan itace, wani likita ne a Zurik, Bircher-Benner, ya riƙa ba majinyatansa wajen shekarar 1900.

Nas_Hauwa:
To musli ɗin ma ya fi, in ba wanda aka cika wa sukari ba ne. Alhaji in ka gan shi ka zuba madara ka sha, ka ɗauka kunu ne.

Ɗan_Majema:
Na gode ƙwarai Nas Hauwa, zan je awon in sha Allahu. Na sa yaron ya duba kamar yadda Hajiya Zainab ta ce. Bufe ne. A hotunan baƙi mun ga burodi kala-kala, yogot, ayaba, cuku, da nama. Ƙwai kuwa a hoto ɗaya muka gani, sauran babu. Wata tambayar: in na biya, zan iya ɗebo burodi da ayaba in sa a jaka don rana?

Sarkin_Zolaya:
Yanzu ka zo, Alhaji. Babbar riga mai zurfin aljihu ita ce maganin.

Zainab_Risefshan:
Kar ka biye wa Sarki. A ƙa'ida abin da ka ci a wurin ka biya, ba guzuri ba. Ayaba ɗaya ko tuffa a hannu ba mai yi maka magana. Amma ka zauna kana haɗa sanwic kana naɗewa a tishu, wasu otal ɗin har sanarwa suke liƙawa cewa za su caje ka. Mu ma muna gani muna kau da kai ne kawai, amma ana lura.

Maman_Ilham:
Ni ban ga laifi ba gaskiya. Na biya kuɗina, yarona bai ci komai ba don barci yake ji, in ɗaukar masa burodi ɗaya da yogot sai a ce na yi sata? Abin da ya rage ma ai zubarwa suke.

Abu_Safwan:
Maman Ilham, mafita ita ce ki tambaya. In suka ce to, ya halatta, in suka ce a'a, kin huta da zargi. Yawanci in aka ga yaro ba sa hanawa.

Ummu_Hanan:
A duba lokaci kuma. Yawanci daga bakwai ne zuwa goma. In jirginka na asuba ne ranar dawowa, ka biya na ranar a banza.

Bello_Brescia:
Shi ya sa ni da ni ne, ɗaki zalla zan kama. Kusan kowane otal yana yarda ka biya karin kumallo a nan take, rana ɗai-ɗai. Ka sauka ranar farko ka leƙa da idonka, in akwai ƙwai ka biya, in babu ka fita. Akwai manyan kantuna irin su Esselunga da Carrefour, ka sayi burodi da ayaba da madara da kifin gwangwani ka ajiye a ɗaki. Kuma ka tanadi ɗan canji, akwai harajin kwana da birnin ke karɓa a kan kowane baƙo, sau da yawa ba ya cikin farashin da ka gani a intanet, a otal ake biya.

Zainab_Risefshan:
Malam Bello, sai dai fa na nan take ya kan fi tsada a kan wanda aka haɗa tun wajen kama ɗaki. Kuma mutumin da bai san gari ba, ba ya jin yaren, ga sammakon zuwa Rho, ka ce ya fita neman kanti da safe? Ni na fi son ya biya ya san cikinsa da wani abu kafin ya fita. Ba don ina aikin otal na faɗa ba.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Don kina aikin otal kika faɗa mana, 'yata. Ni ina nan a kan bakata, garin kunu da fulas.

Alhaji_Kwari:
Wai ma tsaya, Ɗan_Majema. Ba ka ce maigidanka ne ya aike ka ba? Kuɗin otal ɗin daga aljihun wa zai fita?

Ɗan_Majema:
Shi zai biya, Alhaji, amma ya ce in kawo masa rasit na komai, kuma mutum ne mai bin lissafi layi-layi.

Alhaji_Kwari:
To ai in an haɗa da ɗaki, layi ɗaya zai gani. In ka rarraba, kullum da rasit ɗin ayaba za ka dawo masa. Malam Bello, kantunan nan da ka ambata, ƙarfe nawa suke buɗewa da safe, kuma suna aiki ranar Lahadi?